Me Ya Sa Wi-Fi Ke Da Ƙarfi A Falo Amma Ya Mutu A Cikin Gida?

A yawancin gidajen Bauchi da aka sa rauta, wato akwatin da ke baza Wi-Fi a gida, kukan iri ɗaya ne. A falon mai gida bidiyo na tafiya sumul, amma da an tsallaka tsakar gida zuwa sashen iyali sai waya ta kama juyi, saƙon murya ya ƙi fita, kiran bidiyo da yaron da ke karatu a wani gari ya riƙa sandarewa. Abin da ake fara cewa shi ne yau sabis ba kyau. Daga nan sai a cire sim a sa wani, ko a sayi data mafi tsada da zaton kuɗi ne zai buɗe hanya. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan lalube ya zama asara mai ciwo, domin sau da yawa intanet ɗin ya iso gidan lafiya lau, a cikin gidan ne ya salwanta.

Kafin saƙo ya iso wayarka gaɓa biyu yake bi, kowacce da irin cutarta. Ta farko daga ƙarfen sabis na MTN, Airtel ko Glo zuwa rautar da ke ɗakinka, wato 4G ko 5G. Ta biyu daga rautar zuwa wayarka, ita ce Wi-Fi. Alamar nan mai lanƙwasassun layuka da ke saman waya labarin gaɓa ta biyu kaɗai take ba ka. Tana iya cika fal alhali babu intanet ko kaɗan, kamar yadda kowa ya taɓa gani ranar da data ta ƙare. Haka nan rauta na iya samun sabis mai kyau daga ƙarfe, amma abin da ke isa ɗakin ƙarshe bai taka kara ya karya ba. Wanda bai rarrabe su ba zai yi ta sayen maganin da ba na ciwonsa ba.

Gwajin da ke raba gardama bai kai minti goma ba. Ka tsaya taku biyu ko uku daga rauta, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta lambar da ta fito. Sai ka tafi ɗakin da ake kuka da shi ka sake. In a gindin rauta ka samu megabit 20, a can kuma ka samu 2, matsalar tana cikin gidanka, kuma canza layi ba zai taɓa ta ba. In duka wuraren biyu 2 ne, to daga waje abin ya taso. Ka yi gwajin sau ɗaya bayan asuba, sau ɗaya bayan isha'i. Gudu da safe da rarrafe da dare alama ce ta cunkoso a kan ƙarfen unguwa, kuma zan zo kansa. A kula dai, gwajin kansa na cin data, ba abin da za a yi ta maimaitawa ba ne.

Lambar da ke fitowa megabit ce, ba megabayit ɗin da ake sayar da data da shi ba. Bit takwas ke yin bayit ɗaya, don haka megabit 16 na sauke megabayit biyu ne a daƙiƙa. Kuma gida ba ya buƙatar lamba mai ban tsoro. YouTube na neman kimanin megabit 2.5 don bidiyo mai ingancin 720, da kimanin 5 don 1080. Megabit goma da ke tsaye daram a kowane ɗaki sun fi hamsin da ke falo kaɗai amfani ga iyali.

Wi-Fi rediyo ne. Rauta ƙaramar tashar watsawa ce, waya na saurarenta tana mayar mata da amsa. Iyayenmu da suka saba neman BBC a gajeren zango sun san juya eriya kaɗan ko matsawa bakin taga na sa murya ta fito tangaram, kuma dokar da ke kan akwatinsu ita ce ke kan rauta. Bambancin shi ne ƙarfin rauta ɗan mitsitsi ne: a ƙasashe da dama doka ba ta yarda ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya a zangon gigahaz 2.4 ba. Ka ɗauke ta kamar fitilar ƙwai. In ka rataye ta a sama tsakiyar ɗaki kowane lungu zai samu rabonsa, in ka tura ta ƙarƙashin gado tana nan tana ci amma ɗakin duhu ne. Ko a fili fetal da babu bango, duk sanda ka ninka nisan da ke tsakaninka da ita, abin da ke iso ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai manhajoji irin su WiFi Analyzer a wayoyin Android da ke nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gabanta. -50 ƙarfi ne sosai. Wajen -67 ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya ba tangarɗa. -80 kuwa suna ne kawai. Kada ƙanƙantar tazarar ta ruɗe ka: duk faɗuwar 3 na nufin rabin ƙarfin ya tafi, duk faɗuwar 10 na nufin saura kashi ɗaya cikin goma. Tsakanin -50 da -80 ke nan ninki dubu ne. Ka zaga gidanka da wannan manhaja sau ɗaya, za ka ga da idonka bangon da ke cinye maka kuɗi.

Ginin da muke yi a nan ba abokin Wi-Fi ba ne. Bulo inci tara da aka shafe da filasta ciki da waje na iya cinye fiye da rabin siginar a bango ɗaya. Kankaren bene ya fi muni, saboda rodin da aka saƙa a cikinsa. Ƙarfe kowane iri mayar da sigina baya yake yi: ƙofar ƙarfe, firiji, kwanon rufi, ragar sauro ta waya a taga, har da madubin wadrob, domin bayan kowane madubi shafe yake da siririn ƙarfe. Kabad ɗin da uwargida ta jere tukwane da kwanukan silba a ciki, in ya faɗo tsakanin rauta da gadonta, katanga ce ta biyu. Ruwa kuma shanye sigina yake yi, shi ya sa tankin ruwa ko duro cike a kan hanya ke rage ta. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin ganuwa, irin na Jahun da kewayen fada, kaurin bangonsu kaɗai ya isa, balle a watan Agusta da bangon ya sha ruwa ya ƙoshi. Wani abu da ba a cika lura da shi ba: sigina da ta ratsa bango a karkace ta fi wadda ta ratsa shi kai tsaye shan wahala, don tafiyarta a cikin siminti ta fi tsawo. Matsar da rauta taku biyu kawai na iya gyara wannan.

Sannan ga tsarin gidan kansa. Alƙawarin da ake bugawa a kwalin rauta, cewa za ta cika gida mai ɗaki kaza, ya fi dacewa da gidajen Amurka da ake raba ɗakunansu da katako da allo marar kauri, duka a ƙarƙashin rufi ɗaya. Namu gidan daban yake. Ɗakin samari na bakin ƙofa, sashen mai gida na gefe, ga tsakar gida, ga ɗakunan mata kowanne da falonsa da uwar ɗakinsa, ga kicin can baya. Siginar da ta tashi daga falon mai gida sai ta fasa bangonsa, ta ƙetare fili, ta fasa bangon falon uwargida, ta sake fasa na uwar ɗaki. Bango uku ke nan, wani lokaci huɗu. Kuma ko rauta ta iya kai muryarta can, sai wayar ta iya mayar da amsa ta wannan hanyar, alhali eriyar waya ƙarama ce kuma batir take tattali. Shi ya sa nake jinjina kai in na ji mai shago a Wunti yana cewa, "Alhaji, ɗauki wannan mai eriya shida, har titi za ta kai." Tana iya kaiwa, amma wayar da ke uwar ɗaki ba ta ƙara ƙarfi ba.

Sai dai tsakar gidan nan tana da nata alherin, domin fili ne da sigina ke ratsawa ba shamaki, kuma kusan kowane ɗaki yana da taga ko ƙofa da ke kallonsa. Rautar da aka ɗora a tagar da ke fuskantar tsakar gida, ko aka kafa mata ɗan katako a baranda inda rana da feshin ruwa ba sa kaiwa, ta rage wa kanta bango guda cur, kuma ta taga za ta shiga sauran ɗakunan. A ɗaga ta sama da tsayin mutum, wajen mita biyu, domin jikin ɗan Adam ma yawancinsa ruwa ne, kuma falo cike da baƙi na rage sigina. In tana da eriyoyi a waje a miƙar da su tsaye. Eriya gefe-gefe take baza ƙarfinta, ta wajen tsininta ne ta fi rauni, don haka nuna tsinin zuwa ɗakin da ake so kuskure ne. A gidan bene a kwantar da ɗaya, a bar sauran a tsaye.

Me ke kai rauta bayan talabijin, ko cikin durowa, ko ƙasan tebur? Yawanci nan soket yake, ko ana ɓoye ta ne daga hannun yara, ko mai gida na so ta kwana a turakarsa don ya kashe ta in dare ya yi. Dalilin tarbiyya dalili ne mai ƙarfi kuma ina girmama shi, amma rautoci da yawa suna da wurin da ake sa wa kowace waya lokacin shiga da na fita. A yi amfani da shi a tsare yaran, a bar matar gida ta samu sabis ɗin da za ta kira 'yan uwanta ko ta tallata kayan sana'arta. Masu nisanta ta saboda tsoron cuta kuma su kwantar da hankali: tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar hujjar da ke nuna raunanan siginonin turakun sadarwa da na Wi-Fi na cutar da lafiya.

A nan ne lamarin ke ɗan cakuɗewa. Yawancin gidajenmu ba kebul ke kawo musu intanet ba, rauta mai sim ce, wato akwati ɗaya ke ɗauke da gaɓoɓin nan biyu. Gaɓar waje na son bakin tagar da ke kallon ƙarfen sabis, gaɓar ciki na son tsakiyar gida, kuma ba kullum wuraren biyu ke haɗuwa ba. Hanyar ganewa tana shafin rautar kanta. A ƙasanta akwai takarda manne mai ɗauke da adireshi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Ka rubuta shi a burauzar wayarka ka shiga, ka nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfin abin da ke zuwa daga ƙarfe ce: -90 ko abin da ya fi shi kyau lafiya lau ne, in ta gangara ƙasa da -110 rauta na fama. Ta biyu tsabtar siginar ce daga hayaniyar wasu turaku: sama da 13 ya yi, kusa da sifili bai yi ba, ko da sandunan sabis sun cika. Ka ja doguwar wayar wuta ka gwada rautar a kowace taga, kana ba ta minti ɗaya ko biyu ta zauna. Bauchi gari ne mai duwatsu, kuma gidan da ke gindin dutse, kamar a wajen Dutsen Tanshi, ƙarfen da ya fi kusa da shi na iya kasancewa a bayan dutsen, mai nisa da ke fili ya fi shi amfani. Tagar da ba ka zata ba ita ke iya cin gasar.

Ga mai sha'awar 5G akwai abin lura. Zangon gigahaz 3.5 da NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, wanda MTN ta fara aiki da shi a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, yana da gudu amma bai iya ratsa bango kamar ƙananan zanguna irin na megahaz 800 da ake 4G da su ba. Rautar 5G a tsakiyar ɗaki mai bango huɗu, ko a unguwar da 5G bai iso ba, komawa 4G take yi shiru, kai kuma ka biya kuɗin doki kana tafiya a ƙasa.

Shi ma Wi-Fi zango biyu yake da su a yawancin rautocin yanzu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi nisa kuma ya fi jure bango, amma a cunkushe yake, don Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef duk a nan suke. Na 5 ya fi gudu da sarari, amma bango biyu sun isa su gama da shi. In ka ga sunan Wi-Fi ɗinka ya fito sau biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa, wannan gigahaz 5 ake nufi, babu ruwansa da 5G na kamfanonin waya. Talabijin da kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da rauta su hau na 5, wayoyin cikin gida su hau na 2.4. Wasu rautocin na haɗe su a suna ɗaya su zaɓar wa waya da kansu, kuma in ka lura waya na yawan yankewa a wani ɗaki, raba sunayen na iya kawo ƙarshen abin.

Mazauna GRA ko gidan da ke da tazara da maƙwabta na iya tsallake maganar tashoshi. Amma ɗalibin da ke haya a Gwallameji ko Yelwa, inda kowane ɗaki ke da MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu mai batir, ko wayar da aka kunna wa hotsfot, ya tsaya ya ji. An raba zangon 2.4 zuwa tashoshi 13 da ke hawa kan juna, kuma guda uku ne, 1 da 6 da 11, ba sa taɓa juna. Manhajar WiFi Analyzer da na ambata za ta nuna maka inda maƙwabta suka taru. Ka shiga shafin rauta ka zaɓi wadda ta fi sarari cikin ukun nan, ka bar faɗinta a megahaz 20. Zaɓar 3 ko 9 da sunan gudun jama'a gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin hayaniyar ɓangare biyu za ka kwasa.

Wani lokaci kuma siginar na nan da ƙarfinta, masu cinta ne suka yi yawa. A Wi-Fi na'urori bi da bi suke magana, kuma wayar da ke can nesa da sigina mai rauni tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta gama nata, kowa na jiranta. Waya ɗaya a bayan katanga na iya jan gidan duka baya. Mun san yadda abin ke faruwa. Yaron maƙwabta ya yi sallama, "Yaya, don Allah a ɗan sa mini fasuwod zan duba sakamakon jarrabawa," ka sa masa, kuma daidai ne ka sa masa. Amma wayoyin Android na yanzu na iya nuna kalmar sirrin a matsayin hoton QR da wani zai ɗauka cikin daƙiƙa, kafin sati majalisar ƙofar gida duka ta hau. Shafin rauta na nuna jerin duk na'urorin da ke kai, ka ƙirga ka gani ko sun yi daidai da na gidanka. Ban ga dalilin hana maƙwabci ba, haƙƙinsa ne a kyautata masa. Abin da ya fi shi ne a buɗe masa sashen baƙi da yawancin rautoci ke da shi, mai kalmar sirrinsa daban da za a iya canzawa duk wata, wasu ma har ana iya ƙayyade masa gudu. Na gida kuma a sa masa doguwar kalma a tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, a canza kalmar shiga shafin rautar daga admin da ta zo da ita. A cikin gidan ma a duba: WhatsApp da ke sauke kowane bidiyon guruf da kansa, hotunan biki da ke hawa Google Photos, wayoyi da kwamfutoci da ke sabunta kansu da zarar sun ji Wi-Fi, duk suna ci ba tare da kowa ya taɓa su ba.

Wuta da zafi su ne abin da littafin rauta bai san da su ba. Duk ɗaukewar wuta, duk sauyi daga layin gwamnati zuwa janareta, rauta na mutuwa ta sake tashi, ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana neman ƙarfe, wani lokaci ta kama zangon da bai kai na da ba. Yawancinsu bolt 12 suke ci kuma wutar da suke ja kaɗan ce, don haka ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a shagunan kayan waya, ko jona ta a layin inbata, na riƙe ta sa'o'i. Cajarta ma abar dubawa ce. In ta asali ta ƙone aka maye ta da wadda ƙarfinta bai kai ba, fitilun za su kama kamar komai lafiya, amma da an matsa mata da aiki sai ta yanke. A duba bolt da amfiya da aka rubuta a ƙasan rautar a sayi daidai da su. Zafi kuwa, akasarin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a Maris da Afrilu ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a Bauchi na kaiwa nan. Rautar da aka rufe da ƙyalle don ƙurar hunturu, ko aka ɗora a kan dikoda, ko rana ke dukanta ta gilashi, rage gudu take yi don ta tsira. A bar mata iska, a riƙa kaɗe ƙurar ramukanta. MiFi da ke kwana a caji kullum kuma batirinsa na kumbura, in ya fara a daina amfani da shi a canza, don yana iya kamawa da wuta.

In an yi duk wannan kuma sashen iyali bai samu ba, to lokacin kashe kuɗi ya yi, kuma a ganina kebul ya kamata a fara saya. Kebul ɗin intanet irin Cat6 na kai sigina har mita 100 ba tare da bango ya dame shi ba. Rauta mai sim ta zauna a tagar da ta fi samun sabis, a ja kebul daga bayanta zuwa falon uwargida ko barandar cikin gida, a jona rauta ta biyu a can a sa ta a tsarin AP, wato ta riƙa baza intanet ɗin da kebul ya kawo mata kawai. Ko tsohuwar rauta da aka ajiye na iya wannan aikin in tana da ramin kebul. A ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya don waya ta riƙa sauyawa da kanta, amma a raba musu tasha, wannan a 1 waccan a 11. Da haka kowace gaɓa ta samu wurin da take so. Wajen saye a nemi kebul na jan ƙarfe zalla, don akwai mai araha da alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, yana karyewa kuma ba ya jure nisa. Inda zai ƙetare tsakar gida a zura shi a bututun roba a binne, kada a rataye shi a sama rana ta cinye shi, kuma in hadari mai tsawa ya taso a zare shi.

Na'urar da ake kira ekstenda, wadda ake soka wa a soket ta kama Wi-Fi ta sake watsawa, ta fi sauƙin kafawa, shi ya sa ta fi kasuwa. Aibinta biyu. Mai rediyo ɗaya a cikinta sai ta saurara sannan ta maimaita, don haka kusan rabin gudun ke tafiya. Sannan mutane na kai ta ɗakin da babu sigina, alhali abin da ta ji shi za ta maimaita: wayar za ta nuna sanduna cike, intanet kuma na rarrafe. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda manhaja ke nuna wajen -60. Akwatunan da ake rubuta wa Mesh a kwali, masu zuwa biyu ko uku, sun fi ta wayo wajen miƙa waya daga wannan zuwa wancan, amma suna da tsada, kuma a gidan bulo su ma sai an haɗa su da kebul suke nuna kansu. Masu tura intanet ta wayar wutar gida ban cika ba da shawararsu a nan ba, saboda gidan da ke da layin gwamnati da na janareta da na sola a rarrabe ba ya ba su hanya ɗaya da za su bi.

Manhajojin da ke cewa za su ninka ƙarfin Wi-Fi talla kawai suke nuna maka, babu manhajar da ke huda bango. Faranti ko gwangwanin da ake lanƙwasawa a bayan eriya na ɗan tura sigina gefe ɗaya, amma daga ɗaya gefen ya ɗebo ta. Busta, na'urar ƙara ƙarfin sabis ɗin waya, kuwa NCC ta yi gargaɗi cewa kafa ta ba da izini ba laifi ne, domin tana dagula wa unguwa duka sabis.

Saura wanda gwajinsa ya nuna daga waje ne. Ƙarfen sabis raba abin da yake da shi yake yi tsakanin duk wanda ya hau, shi ya sa unguwannin ɗalibai da masu cunkoso ke nauyi daga bayan isha'i zuwa tsakar dare. A nan ne kaɗai canza layi ke da ma'ana, kuma kafin a saya a ari sim ɗin maƙwabci a gwada a wannan lokacin na dare. Eriyar waje da ake kafawa a saman rufi, ko rauta mai akwatin waje, na taimakon gidan da ke gefen gari ko cikin kwari, muddin wayar eriyar ba ta yi tsawo ba, don a cikinta ma sigina na raguwa. A karanta sharuɗɗan tsarin da ake kira anlimited, yawancinsu na rage gudu in an kai wani adadi, kuma saƙon na zuwa ne a sim ɗin da ke cikin rauta inda ba mai ganinsa sai an shiga shafinta. Akwai kuma ranakun da babu abin da mai gida zai iya: masu aikin titi su tsinke kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa, ko irin abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da manyan kebul na cikin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta na kwanaki.

Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, na tsallake ƙarfen unguwa gaba ɗaya, kuma ga mai hali da ke wajen gari mafita ce ta gaske, in dai farantin na ganin sama ba bishiya ba bene. Amma gaɓar waje kaɗai ya gyara, rautarsa ma sai an ja mata kebul zuwa cikin gida kamar kowace. In kuwa sabis ɗin layinka ya daɗe da lalacewa a unguwa, ka fara kai ƙara wurin kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba ka kira 622, layin kyauta na NCC, da lambar a hannunka da sakamakon gwajin safe da na dare da ka rubuta.